Sharhi Kan Aikin Maginan da Suka Gyara Mana Tsohon Gida a Birnin Zariya

Wannan sharhi ne a kan aikin wani ayarin maginan gargajiya na cikin Birnin Zariya, waɗanda muka ɗauka suka gyara mana gidan ƙasa da muka gada daga kakanmu. Na rubuta shi ne domin masu irin wannan gida da suka tsaya tsakanin shawara biyu, wato ko su rushe shi su zuba bulo da siminti kamar yadda maƙwabta da dama suka yi, ko kuwa su nemi wanda zai tashe shi a kan yadda aka gina shi tun asali. Ayarin ba kamfani ba ne mai ofis da allon suna a bakin titi. Wani dattijo ne da ya gaji sana'ar yake jagorantarsa, tare da 'ya'yansa da almajiransa da leburorin da yake ɗauka idan aiki ya yi yawa, kuma ta hanyar cigiya a unguwa ake samunsa. A ganina kuɗin da muka biya su ya halatta a gare su a duk abin da ya shafi ƙasa da azara da hanyar ruwa, amma suna da rauni sosai wajen lissafi da cika alkawarin lokaci da haɗa hannu da masu aikin wuta da famfo, kuma wajibi ne mai gida ya san wannan kafin ya miƙa musu kuɗin kafin alƙalami.

Gidan namu yana da zaure mai daurin guga, wato rufi mai tulluwa da yake zaune a kan lanƙwasassun ɗaurin azara da suka gitta juna a tsakiya, da shigifa, da tsakar gida mai faɗi, da ɗakunan soro da suka kewaye ta. Lokacin da muka yanke shawarar gyara shi, Gwaggo ce kaɗai take zaune a ciki tare da jikokinta, kuma ɗakuna biyu sun riga sun fi ƙarfin kwana. Shekaru da yawa da suka wuce an yaɓe bangon waje da siminti da niyyar kare shi, an kuma ɗora kwano a kan ɗaki guda ba tare da an yi wa ruwansa hanya ba, don haka duk damina ruwan kwanon yana zuba ne a gindin bangon ɗakin da yake kusa da shi. Indararo biyu sun karye, gara ta cinye ƙofofi, rufin shigifa kuma ya lotsa a tsakiya. Abin da muka nema wurin maginan abu uku ne: gida da za a zauna a cikinsa ba tare da fargabar damina ba, da rumfar inabi a tsakar gida, da kuma ƙaramin ɗaki inda uwargida za ta riƙa haɗa ruwan inabi da zoɓo da kunun aya, domin sana'arta ce kuma abin shan gidan ne.

Tun daga duban farko na gane cewa dattijon ya san abin da yake yi. Bai fara da maganar kuɗi ba. Ya zagaya bangon waje yana ƙwanƙwasa simintin da bayan wuƙa, yana sauraron ƙarar da yake bayarwa, inda ya ji kurma sai ya yi alama da gawayi. A gefen gabas ya sa bakin wuƙar a wata tsaga ya ɓamɓaro ɓawon siminti mai faɗin tafin hannu, sai ga ƙasar da take bayansa a jiƙe, ta yi laushi kamar ƙullun da ya kwana, alhali muna tsakiyar rani. Ya ɗebo kaɗan ya murza a yatsunsa ya nuna mini, sannan ya ce, "Malam, wannan bangon ba tsufa ne yake kashe shi ba, ruwa ne da aka kulle a cikinsa." Na ce, "To Baba, me kuke gani za a yi?" Ya ce a cire simintin gaba ɗaya, a bar bangon ya sha iska har ya bushe, kafin a taɓa komai. Bayanin abin a fili yake ga wanda ya lura. Bangon ƙasa yana shan danshi daga tushe da kuma daga sama, yana kuma fitar da shi ta fuskarsa idan rana da iska sun buge shi. Siminti ba ya barin danshin ya fita, kuma ba ya miƙewa ko ya tsuke tare da ƙasa idan zafi da sanyi suka sauya, don haka yakan tsage, ruwan sama ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa tana nan sumul.

Wannan sani ba baƙo ba ne a Zazzau. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a cikinsa a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, bai kamata a ce ana neman mai gyaran daurin guga ana wahala ba, amma haka lamarin ya zama, domin samarin da suke koyon gini yanzu birkiloli suke zama. Ruftawar wani sashe na wannan masallaci a watan Agustan 2023, wadda ta jawo asarar rayuka, ta tsoratar da mutane da yawa daga ginin ƙasa, har wasu daga cikin danginmu suka dage a kan a rushe gidan. Na fahimci tsoronsu, kuma ba na raina shi. Zariya tana samun ruwan sama da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba, kuma ginin ƙasa da aka yi sakaci da rufinsa a irin wannan wuri haɗari ne na gaske. Abin da ya sa na amince da waɗannan magina shi ne, duk shawarar da suka bayar, daga rawanin soro, wato ɗan bangon da ya kewaye bakin rufi, har gindin bango, a kan tambaya ɗaya take tafiya, wato ina ruwa zai bi idan ya sauko.

Aikin tubali sun yi shi yadda ya kamata. Sun ƙi karɓar ƙasar da wani mai tifa ya fara kawowa saboda yashi ya yi mata yawa, suka sa aka kawo jar ƙasa mai danƙo, suka kuma haɗa ta da ƙasar bangon da ya zube, wadda dattijon ya ce ta fi kowace ƙasa dacewa da gidan tunda da ita aka gina shi. An jiƙa ƙasar, aka zuba mata yankakkiyar ciyawa, leburori suka tattake ta da ƙafa, aka bar ta ta kwana tana tsimuwa, aka sake tattakewa, sannan aka mulmula tubalan da hannu aka jera a rana har suka bushe sarai. Wajen ɗora su, gindin tubali ne a ƙasa, tsininsa a sama, ana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ba sa ɗora sahu da yawa a yini guda, sai na ƙasa ya kama jikinsa. Inda bango ya ruɓe daga tushe ba su rushe shi duka ba. Sun riƙa rarake shi kaɗan kaɗan, suna cike gurbi ɗaya su bar shi ya bushe kafin su buɗe na kusa da shi, domin kada nauyin sama ya rasa abin da zai zauna a kai. Wannan aiki ne mai cin rai ga mai kallo, amma ban ga wata hanya da ta fi shi aminci ba.

Rufin shigifa ne ya fi nuna gwanintarsu. Da suka kwashe ƙasar sama, sai aka ga yawancin tsofaffin azarorin lafiyarsu ƙalau duk da shekarun da suka yi, domin azarar da aka faskara daga ƙosasshiyar giginya gara ba ta cika iya mata ba. Waɗanda suka ruɓe su ne waɗanda bakinsu ya zauna a inda ruwa yake kwanciya. Dattijon ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana soka musu ƙusa, wadda ta yi tauri a mayar da ita, wadda ƙusa ta nutse a cikinta a ajiye ta gefe. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa shida, shi ya sa magina suke fito da tauyi daga jikin bango, wato azara da suke ɗan leƙowa ciki su tallafi na rufi, domin rage tazarar, ko kuwa su yi bakan gizo, wato lanƙwasasshen tallafi daga bango zuwa bango, idan ɗakin yana da faɗi. A shigifarmu an gano cewa a wani gyara na baya an cire tauyi guda domin a buɗe taga, kuma wannan ne sanadin lotsawar. Sun mayar da tauyin, suka matsar da tagar gefe, suka jera azarorin a karkace sahu bisa sahu, suka shimfiɗa zana, sannan suka bi da ƙasa. Daurin gugan zaure kuwa sun ce a bar shi yadda yake, tsaga ɗaya kawai suka buɗe suka duba ɗaurin azarar da take ciki, suka tarar igiyar ba ta saki ba, suka rufe. Na yaba da wannan ƙwarai, domin da sun ce sai an sauke shi ba ni da ilimin da zan musa musu, kuma da kuɗin aikin ya ninka.

A wajen laso ne muka fara cin karo da matsalar zamani. Laso na asali ana haɗa shi ne da katsi, wato abin da yake taruwa a gindin karofin rini, da gashin awaki daga majema, da kuma ruwan saiwar dafara mai yauƙi, kuma shi ne abin da yake hana rufin soro yoyo. Sana'ar rini ta mutu a garuruwa da yawa, don haka katsi ya yi wuyar samu, sai da aka aika Kano wajen masu rini kafin a samu abin da zai isa rufin zaure da shigifa. Sauran ɗakunan dattijon ya faɗa mana gaskiya cewa ba za a samu katsin da zai ishe su ba, ya ba mu zaɓi tsakanin yaɓen ƙasa da makuba wanda za a riƙa sabuntawa, ko kuwa kwano a ɓoye a bayan rawani. Mun zaɓi kwano a ɗakunan kwana biyu, bisa sharaɗin a bar rufin ƙasa a ƙarƙashinsa domin sanyi, a kuma yi masa magudana. Wasu masu son gargajiya zalla za su ga laifin wannan, ni kuwa ina ganin daidai ne, tunda Gwaggo ce za ta kwana a ɗakin a cikin Agusta. Bangon waje an yaɓe shi da ƙasa mai ciyawa, aka bi shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wanda yake ba bango launin ja mai duhu, ya kuma sa ruwa ya riƙa zamewa a kansa. Indararo kuwa sun yi su dogaye fiye da na da, suka kuma ɗaɓe inda ruwansu yake faɗowa da duwatsu, domin tartsatsin ruwa ne yake cin gindin bango.

Rumfar inabin ce ta jawo musu mai tsawo tsakanina da dattijon, kuma a nan ne na ga bambancin magini da mai jera tubali kawai. Inabi yana yi a ƙasar Zazzau. Manoman Ƙaramar Hukumar Kudan, wadda hedikwatarta take Hunkuyi a arewa da Zariya, sun shahara da nomansa, kuma daga can muka samo dashenmu. Abin da na so shi ne a dasa shi a jikin bangon yamma, a kafa sandunan rumfar a cikin bangon, domin inuwar ta faɗo a ƙofar ɗakuna. Dattijon ya ƙi, kuma bai ɓoye ƙinsa ba. Ya ce inabi a wannan ƙasa da rani yake 'ya'ya, wato dole a riƙa ba shi ruwa a daidai watannin da bangon ƙasa yake buƙatar bushewa, kuma wanda ya zuba bokitin ruwa a gindin bango kowace safiya daga Nuwamba zuwa Maris ya kawo wa gidansa damina ta biyu. Ya ƙara da cewa sandar da aka soka a bangon ƙasa, idan iskar farkon damina ta kaɗa rumfa mai nauyin ganye, za ta riƙa motsi tana faɗaɗa raminta har ruwa ya samu ƙofa. Maganarsa ta ƙarshe a kai ita ce, "Malam, idan kun ce a jikin bango, ku nemi wani ya yi, ni ba zan sa hannuna a abin da zai rushe aikina ba."

Abin da ya yi a maimakon haka ya fi abin da na nema kyau. Ya ja rumfar zuwa tsakiyar tsakar gida, taku da dama daga kowane bango, ya tsayar da ita a kan ginshiƙanta na ƙarfe da aka binne a siminti, ba ta jingina da komai ba, aka ja waya a samanta domin reshe ya bi. Kowane gindin inabi an yi masa kwari mai baki, yadda ruwan ban-ruwa zai tsaya a wurin ya nutse, sannan aka karkata daɓen tsakar gidan gaba ɗaya zuwa ga kwata guda da take fita ta ƙarƙashin bangon kudu a cikin bututu. Na tsaya a ƙofar shigifa a lokacin wani ruwa mai ƙarfi na ga yadda ruwan indararo da na tsakar gida suka haɗu suka bi hanya ɗaya suka fice, ba tare da ya kwanta a gindin kowane bango ba. Game da inabin kansa, wanda yake son yin irin wannan ya sani cewa ba ya ba da 'ya'ya na kirki sai a shekara ta biyu ko ta uku, ana yi masa aski bayan ɗaukewar ruwa, ya nuna bayan kimanin wata huɗu, kuma da damina ganyensa yana kamuwa da cutar fumfuna idan iska ba ta ratsa shi. Nesanta shi da bango ya taimaka a nan ma, domin iska tana shigarsa ta kowane gefe. Tsuntsaye kuwa sai an sa raga idan nonon ya fara nuna, in ba haka ba su za su riga mai gida.

Ɗakin haɗa abin sha shi ne wurin da maginan suka yarda da siminti ba tare da gardama ba, amma a ƙasa kawai. An yi masa daɓen siminti da tayil, aka ɗaga gefensa kamar kamu ɗaya domin ruwan wanke-wanke kada ya taɓa ƙasar bango, aka karkata shi zuwa ga bututun da ya haɗu da kwatar tsakar gida. Sama da wannan gefe bangon ƙasa ne da farar ƙasa, da ƙananan tagogi biyu a can sama suna fuskantar juna. Kaurin bangon ya sa ɗakin yana da sanyi ko da tsakar rana, kuma wannan yana da muhimmanci ga aikin da ake yi a cikinsa. A ƙasashe irin su Faransa da Italiya, tsofaffin gidajen ƙauye suna da ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake barin ruwan inabi ya tsimu ya zama giya. Mu akasin haka muke nema, domin a gidan Musulmi duk ƙoƙarin shi ne a tsayar da wannan tsimuwa kafin ta fara. A jikin ɓawon inabi akwai ƙwayoyin yisti, kuma da zarar an matse shi sukan fara cin sukarin da yake cikin ruwan suna mayar da shi barasa, a zafin ƙasarmu kuwa abin ba ya ɗaukar dogon lokaci. Alamarsa ita ce kumfa a sama, da huci idan an buɗe murfi, da wari mai kaifi, kuma duk kwalbar da ta nuna haka zubar da ita ake yi.

Yadda uwargida take yi shi ne, ta tsinke 'ya'yan daga karansu, ta wanke, ta murje su da hannu ba tare da ta fasa ƙwallayen ba domin suna sa ɗaci, ta tace da ƙyalle mai tsabta. Wanda za a sha a ranar ana sa shi a firji ko a cikin randa. Wanda za a ajiye kuwa tana ɗora shi a wuta har ya kai kimanin digiri 80 a ma'aunin Selsiyas, ya yi zafi sosai amma bai tafasa ba, sannan ta ɗura shi da zafinsa a kwalaben gilashi da aka dafa, ta rufe nan take. Zoɓo da kunun aya ma ba su tsira daga wannan matsala ba, musamman kunun aya da yake lalacewa cikin 'yan sa'o'i idan babu sanyi. Sanyin ɗakin ƙasa yana jinkirta lalacewar, ko da yake ba ya hana ta, kuma a ranakun da babu wuta wannan jinkiri shi ne bambanci tsakanin riba da asara. Abu guda da maginan ba su yi tunaninsa ba shi ne tururuwa, wadda zaƙi yake jawowa, ta kuma samu hanya ta mahaɗar tayil da bango, sai da aka dawo aka toshe wurin.

Ta fuskar zaman yau da kullum, gidan ya ba mu abin da muka nema. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da ɗakin bulo mai rufin kwano yake zama wurin da ba a iya zama da rana, zauren yana nan da sanyinsa, domin bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa ciki sai dare ya yi. Da hunturu kuma wannan ɗumi ne yake riƙe ɗakin har asuba. Maginan sun sake gina dakalin ƙofar gida da na cikin zaure a kan tsayin da dattijo zai zauna ya tashi ba tare da wahala ba, kuma tun daga lokacin abokan mahaifinmu suka dawo da zaman hira bayan la'asar, ana shan shayi ana buga dara. Mata da yara sun mayar da ƙarƙashin rumfar wurin zamansu na yamma. Manoma sukan sake yi wa inabi aski bayan girbi, amma mu mukan jinkirta shi har zafin bazara ya sauka, domin inuwar ta fi mana ƙarin 'ya'ya amfani. Abin da dattijon ya hana shi ne yawan hawa kan soro, ko don shan iska ko don shanya, saboda tafiya a kan laso tana tsaga shi, don haka shanyar zabibi da zoɓo a kan gado ake yinta a tsakar gida.

Raunin ayarin ya fara ne daga lissafi. Mun yi jinga da baki a gaban shaidu, kamar yadda suka saba, amma jingar ta ƙunshi aikin hannu ne kawai, kuma ba su iya faɗin yawan kayan da za a buƙata ba sai aiki ya kai wurin. Kowane mako sai an zo da sabon bayani, yau ƙarin azara, gobe ƙarin ƙasa, jibi kuɗin ruwa daga 'yan garuwa. Ban ga alamar ha'inci ba, domin duk abin da aka saya na gan shi a jikin gini, amma mai albashi da ya ware kuɗi daidai gwargwado zai shiga ƙunci. Gaskiya ne cewa tsohon gida ba ya nuna ciwonsa sai an buɗe shi, sai dai magini mai shekaru irin na wannan dattijo ya kamata ya iya cewa a tanadi ƙarin kaza bisa abin da aka ƙiyasta. Haka kuma azara ta yi tsada fiye da yadda muka zata, saboda giginya tana ƙaranci kuma daga nesa ake kawo ta, don haka wanda yake tunanin ginin ƙasa araha ne ya sake lissafi.

Lokaci ma haka. An yi alkawarin gamawa kafin azumi, aikin ya kai har hadari ya fara haɗuwa. Wani ɓangare na jinkirin na aikin ne, tunda ƙasa ba a gaggauta bushewarta, amma wani ɓangaren na ayarin ne, domin sun karɓi wani aiki a wata unguwa suka raba ma'aikata biyu ba tare da sun sanar da mu ba. A ranakun da dattijon ba ya nan, aikin yaransa yana sauka. Yaɓen bangon arewa, wanda aka yi a bayan idonsa, an yi shi da kauri a shafa ɗaya, ya tsattsage kafin wata ya zagayo. Da ya gani bai yi musu ba, ya sa aka kankare aka sake a kan kuɗinsa, kuma wannan abin a yaba ne, amma makonnin da aka ɓata ba su dawo ba.

Mafi girman matsalar ita ce rashin jituwa da mai aikin wuta da mai aikin famfo. Maginan ba su tanadi hanyar waya ko ta bututu ba, ba su kuma tambaya ba, sai da aka gama yaɓe mai wuta ya zo da kurfi zai fasa bango, aka yi cacar baki a tsakar gida. A ƙarshe an bi da wayoyin ta cikin roba a saman bango, abin da ya rage wa ɗakunan kyau, an kuma bi da bututun ruwa a fili nesa da bango, wanda wannan kam daidai ne, domin bututun da ya ɗiga a cikin bangon ƙasa ba a ganinsa sai ɓarna ta yi nisa. Da an zaunar da su ukun tun ranar farko da an kauce wa rigimar. Banɗaki da makewayi mun ware su can ƙuryar gida da bulo, kuma shawarar dattijon ce. Sannan ba su damu da kwashe baraguzai ba, sun tara ɓawon simintin da suka cire a lungu har maƙwabta suka yi magana, kuma tsanin da yaransu suke hawa da kayan aiki a ka ya sa gabana faɗuwa sau da yawa.

Zanen fuskar zaure ɗan dattijon ne ya yi shi, kuma hannunsa yana da kyau. Ya bi sawun tsohon zanen da ya fito bayan an cire siminti, ya tayar da dagin da yake saman ƙofa da yatsa tun ƙasar tana ɗanya, ya kuma gyara zankwayen da suka gutsure. Ya so ya bi shi da fentin mai launi-launi kamar yadda ake yayi yanzu, muka ce a bar shi da launin makuba, domin fentin mai yana yi wa bangon ƙasa irin abin da siminti yake yi masa.

Wannan ayari ya dace da wanda yake zaune kusa, wanda zai iya leƙa aikin kullum, kuma yake da niyyar ci gaba da kula da gidan, domin gidan ƙasa yana buƙatar a hau rufinsa kowace shekara kafin ruwan farko a toshe tsaga, a share indararo, a kuma sabunta makuba idan ta koɗe. Bai dace da wanda yake Abuja ko Legas yana aiko da kuɗi yana jiran a kira shi a ba shi makulli ba. Wanda zai ɗauke su ya fara aikin da zarar damina ta ɗauke, ya sayi azara da katsi tun kafin a buɗe rufi, ya rubuta jingar a takarda ɗaki bayan ɗaki tare da sharaɗin cewa dattijon da kansa zai tsaya a kan rufi da yaɓe, ya kuma sa dubawar shekara-shekara a cikin yarjejeniyar. Mu mun yi wannan ta ƙarshe da su, kuma a watan Afrilu mai zuwa za su dawo su duba lason zaure, su kuma gyara bangon da yake kusa da rijiya, wanda aka bari saboda bai gama bushewa ba lokacin da ruwa ya sauka.